Ki Yi Masa Waƙa, Ko Da Bai Yi Shiru Ba

Tambaya:

Assalamu alaikum Anti. Ni mai jego ce, haihuwar fari, yarona yana da sati bakwai. A gidanmu na yi wanka, bayan arba'in na dawo ɗakina. Tun da na dawo, kullum ana kiran magariba sai ya fara kuka, ba ya sassautawa sai wajen goma ko sha ɗaya na dare. Na ba shi nono, na canza masa famfas, na goya, duk a banza. Gidan haya muke, har kunyar haɗuwa da maƙwabta nake. Surukata ta ce nonona ne ba ya isarsa, a fara ba shi jiƙo. Wata kuma ta ce beli ne, a kira wanzami. Maigida in kukan ya ishe shi sai ya fice majalisa. Ƙawata ta ce in riƙa kunna masa waƙa a waya ina ajiyewa kusa da kunnensa. Wani lokaci ya yi shiru na minti biyu, sai ya ɗora daga inda ya tsaya. Ni ban iya waƙa ba, kuma ɗan fari ne, ina jin nauyin a ji ni ina yi masa. Shekaranjiya na ji kamar in girgiza shi da ƙarfi ko zai yi shiru. Ban yi ba, na kwantar da shi na fashe da kuka. Anti, anya ni uwar kirki ce? Kuma waƙar nan tana da wani amfani?

Mai jego, daga Gusau

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Barka da arziki, Allah ya raya, ya ba ki lafiyar shayarwa.

Da abin da kika ajiye a ƙarshen wasiƙarki zan fara, domin na san shi ya hana ki barci. Zuciyarki ta kawo miki abu, hannunki ya ƙi, kika kwantar da yaro kika yi kukanki. Abin da kika yi shi ne daidai, kuma shi likitocin yara suke koya wa iyaye. Mata da yawa sun taɓa jin irin wannan a tsakar dare, ba sa faɗa ne kawai. Duk ranar da ya sake zo miki, ki kwantar da shi rigingine a shimfiɗarsa, babu filo ko tarin zannuwa kusa da fuskarsa, ki fita tsakar gida minti goma, ki sha ruwa, ki wanke fuska. Kukan minti goma ba ya lahanta jariri. Girgiza kuwa, ko ta 'yan daƙiƙoƙi ce, tana iya jawo zubar jini a ƙwaƙwalwa, makanta, shanyewar jiki ko rasa rai, saboda kansa ya fi ƙarfin wuyansa. Jijjigar goyo da muke yi a hankali daban ce, ita babu laifi. Ki faɗa wa duk wanda zai riƙe miki shi wannan magana, har 'yar aikin gida da ƙannen miji.

Shi kansa kukan yana da tsari da aka daɗe da sani. Jarirai sukan fara ƙara kuka daga sati na biyu, abin ya kai ƙololuwa wajen sati na shida, sannan ya riƙa sauka har ya lafa a wata na uku zuwa na huɗu, kuma ya fi taruwa da yamma zuwa farkon dare. A 1954 wani likitan yara a Amurka, Morris Wessel, ya ba da ma'aunin da har yau ake ambata: lafiyayyen jariri mai cin abinci da kyau, amma yana kuka sama da awa uku a rana, sama da kwana uku a mako, har sama da mako uku. Shi ne a asibiti za ki ji suna cewa kolik, mu kuma mu ce ciwon cikin jarirai. Ki lura da lissafin: kin dawo ɗakinki ne daidai lokacin da kukan yake kan ganiyarsa. A gida akwai Inna, akwai yayye da ƙanne, wannan ta karɓa waccan ta goya. Yanzu ke kaɗai ce a ɗaki ɗaya da shi. Ba ke kika canza ba, hannuwan da suke taya ki ne suka ragu a lokacin da aka fi buƙatarsu.

Kafin a ɗora komai a kan kolik, sai ma'aikacin lafiya ya duba shi. Ki kai shi a auna nauyinsa a rubuta a katinsa. Idan nauyi yana hawa, yana jiƙa famfas sau shida ko fiye a yini da kwana, yana kama nono da ƙarfi, to nononki yana isarsa, kuma katin nan shi zai yi miki magana a gaban surukarki ba sai kin ɗaga murya ba. Amma in jikinsa ya yi zafi har ma'auni ya nuna 38, ko ya ƙi kama nono, ko ya yi laushi ba ya motsi kamar da, ko numfashinsa ya yi sauri haƙarƙari na lotsawa, ko ya yi amai kore, ko jini a kashi, ko maɗigarsa ta kumbura, ko jikinsa ya riƙa fizga, ko sautin kukan ya canza ya zama wani siriri mai tsini, wannan ba na jiran gari ya waye ba ne. Asibiti, a daren. Ki kuma riƙa tuɓe shi kina duba yatsun hannu da na ƙafa da gabansa, domin zare ko gashi ɗaya yakan naɗe wuri ya hana yaro sakat. A rage masa kaya in ana zafi, a sa shi ya yi gyatsa bayan nono, a fitar da hayaƙin turaren wuta da na maganin sauro daga inda yake kwana.

Jiƙo da beli kuma, ina roƙonki ki tsaya da ƙafarki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata shida, ko ruwa ba a haɗawa. Zuma ba ta shiga bakin yaro sai ya shekara. Cire beli ba ya maganin kuka, abin da yake jawowa zubar jini ne da shigar ƙwayar cuta, sai yaro ya kasa tsotso saboda ciwon maƙogwaro. Wannan faɗan ba naki ba ne ke kaɗai. Ki sa maigida ya raka ki awo ya ji da kunnensa, shi ya san yadda zai lallaɓa mahaifiyarsa.

To, waƙa. E, tana da amfani. Sai dai ba wadda take cikin waya ba ce ta fi, kuma aikin da za ta yi miki ya wuce wanda ƙawarki take zato.

Yaronki ya san muryarki tun bai ga fuskarki ba. Tun wajen wata na shida na ciki kunnensa yake aiki, kuma muryar uwa ta fi kowace isa gare shi, tunda ta cikin jikinta take bi. A 1980 masu bincike a Amurka sun gwada jarirai 'yan ƙasa da kwana uku da haihuwa, suka ga suna sauya yadda suke tsotso don a kunna musu muryar uwarsu maimakon ta wata mace. Don haka maganar ba ki iya waƙa ba, ki ajiye ta. Ba gasa za ki shiga ba. Mai sauraronki mutum ɗaya ne, kuma ya riga ya zaɓe ki.

Kalmomin ma ba su dame shi ba. A 2020 wasu masana a Jami'ar Harvard sun kunna wa jarirai 144 waƙoƙin reno na harsunan da ba su taɓa ji ba, bugun zuciyarsu ya sauka fiye da yadda ya yi da aka kunna musu waƙoƙin da ba na reno ba. Abin da yake aiki shi ne tafiyar waƙar: a hankali, murya ƙasa, ana maimaita abu ɗaya. Kakanninmu sun san haka. Duk wadda ta tashi a gidan yawa ta ga jariri yana barci a bayan uwarsa tana daka, taɓarya na sauka, jikinta na lilo, tana 'yar waƙarta. Sauti da motsi da ɗumin jiki sun haɗu a wuri ɗaya, kamar yadda ya saba a ciki.

Akwai wani binciken da nake so ki riƙe saboda darasin da ke cikinsa. A Jami'ar Montreal ta Kanada an zaunar da jarirai 'yan wata bakwai zuwa goma, aka kunna wa wasu magana, wasu kuma waƙa da Turkanci. Masu jin magana sun fara ɓata fuska bayan kamar minti huɗu, masu jin waƙa suka kai kusan minti tara. Waɗannan sun girmi naki, kuma ba a tsakiyar kuka aka same su ba. Ma'ana, waƙa ta fi ƙarfi wajen jinkirta kuka a kan tsayar da wanda ya riga ya kankama. Ke kuwa kin san lokacin naki yaron. Kada ki jira ya shiɗe. Tun bayan la'asar ki kammala girki, ki ci abinci ke ma, ki ba shi nono, ki ɗauke shi ki fara tun kafin ladan ya kira.

Ga yadda nake so ki gwada. Ki ɗora shi a ƙirjinki, kansa ƙarƙashin haɓarki, tafin hannunki a bayan wuyansa. In goyo ya fi miki sauƙi ki goya, amma fuskarsa ta kasance a buɗe, zani ya tallafi wuyansa. Ki zaɓi waƙa ɗaya tak, gajera, layi biyu ma sun isa, ki riƙa yin ita kullum har ya gane ta a matsayin alamar dare ya yi. In yana tsala kuka, raɗa ba za ta kai masa ba. Ki fara da ɗan ƙarfi da ɗan sauri, kusa da yadda yake, sannan ki riƙa janyo shi ƙasa sannu a hankali, kamar mai sauko da tulu daga ka. In baki ya gaji, ki rufe shi ki yi ta rera sautin a maƙogwaro, zai ji rawar sautin a ƙirjinki. Ki haɗa da tafiya. A 2022 masana a cibiyar RIKEN ta Japan sun gwada jarirai 21, suka ga tafiyar minti biyar da yaro a hannu, ba tsayawa ba juyi na gaggawa, ta kwantar da masu kukan, kusan rabinsu ma suka yi barci. Suka kuma ba da shawarar a zauna da shi minti biyar zuwa takwas bayan ya yi barcin kafin a shimfiɗe shi, don kada ya farka. Jariran ba su da yawa, amma gwadawa ba ta cin ko kwabo.

Zan gaya miki gaskiya, ƙanwata: akwai daren da za ki yi duk wannan, ya ci gaba da kukansa kamar ba ki yi komai ba. A irin wannan daren ne nake so ki ci gaba da waƙar, domin a lokacin ke take yi wa aiki.

Ki lura da jikinki idan yana kuka. Kafaɗu sun ɗage, haƙora sun cije, numfashi ya koma sama-sama, hannu ya yi tauri. Haka Allah ya yi kukan jariri, don kada babba ya iya share shi. Yaron kuma yana jin taurin hannun da saurin bugun zuciyar, sai ya ƙara. Ba a iya rera waƙa a hankali da guntun numfashi. Dole ki ja iska ki sake ta a tsawace, kuma sakin numfashi a tsawace yana rage gudun zuciya. Waƙar tana ba bakinki aikin yi a lokacin da zai iya yin tsawa, tana ba hannunki kari mai laushi a lokacin da zai iya yin ƙarfi. Na tuna nawa ɗan farin. Akwai dararen da nake kai da kawo tsakanin ƙofa da taga ina maimaita layi ɗaya hawaye na zuba, shi bai yi shiru ba, amma ni na kai asuba ban yi abin da zan yi nadama ba. Har yau ina ganin waƙar nan ta yi aikinta.

Masana ma sun duba wannan ɓangare. A 2013 an buga wani bincike da aka yi a sassan kula da bakwaini na asibitoci 11 a Amurka, kan jarirai 272. Da aka riƙa rera wa jariran waƙar da iyayensu suka zaɓa, bugun zuciyar jariran ya sauka, iyayen kuma suka ce damuwarsu ta ragu. A Landan kuma, a 2018, an raba mata 134 masu alamun ciwon damuwa na bayan haihuwa gida uku, wasu suka yi mako goma suna haɗuwa suna waƙa tare da jariransu. A cikin waɗanda ciwon ya fi kamawa, masu waƙar sun fi sauran saurin samun sauƙi.

Idan kina cikin masu ƙaurace wa kiɗa, babu abin da na faɗa da yake buƙatar ganga ko garaya. Salati, hailala, ko surar da kika fi haddacewa, a karanta da murya mai taushi ana maimaitawa, duk suna tafiya a kan numfashi ɗaya, ga lada, ga addu'ar tsari da kike nema masa. Akwai kuma hadisin da nake so ki riƙa tunawa in kin ji kamar kin gaza. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) yakan shiga salla da niyyar tsawaitawa, sai ya ji kukan yaro, ya taƙaita, saboda ya san irin halin da uwar take shiga. Halin uwar aka duba. Damuwar da kike ji abu ne da aka sani, aka kuma tausaya masa tun a wancan lokacin.

Kunyar ɗan fari na gane ta, kuma ba zan ce ki zubar da ita ba. Amma al'adar da ta ce kada ki kira sunansa ko ki yi masa rawar kai a gaban manya, an gina ta ne a gidan da kaka da gwaggo da matan yayye suke karɓe yaro su yi masa abin da ke aka hana ki. Ke a ɗakin haya kike, daga ke sai shi. Ki rufe ƙofarki. Ba sai kin ambaci sunansa ba, ki sa masa laƙabi, ko ki rera sautin kawai ba kalma. Maƙwabtan da kike jin kunya, yawancinsu sun yi reno. Gobe ki gaishe da wata dattijuwa a cikinsu ki ce, "Mama, a yi haƙuri da mu, angonku ne ba ya son magariba." Za ki yi mamakin wadda za ta miƙo hannu ta ce kawo shi.

Surukarki kuma, maganar jiƙon da take yi, taimako take son yi da abin da ta sani. Ki ba ta wani aikin. Ranar da ta zo, ki ce, "Hajiya, wace waƙa kuke yi wa babansa yana jariri? Ku koya mini, ko mai gidan naku zai ji maganarku." Da wuya a samu tsohuwar da za a yi wa wannan tambaya fuskarta ba ta saki ba. In tana nesa, a ɗauki muryarta a waya, ki koya daga nan. Haka za ki yi da Innarki. Kin samu waƙa, ita kuma ta samu matsayi a renon jikanta wanda ba ya bi ta bakinsa.

Maigida, in ana karanta maka wannan, da kai nake. Awa huɗu na kuka a kan mutum ɗaya kullum ya yi yawa, ballantana wadda ba ta gama warkewa daga haihuwa ba. Bayan isha ka karɓe shi minti talatin kacal. Ka ɗora shi a kafaɗa, ka yi ta zagaya tsakar gida kana karatunka ko zikirinka. Muryar namiji mai kauri a ƙirji tana kwantar da jarirai da yawa, kuma kai ba ka ƙamshin nono, don haka ba zai yi ta rarumar ƙirjinka ba. Ita kuma ta yi wanka, ta ci abinci da zafinsa. Majalisa tana nan bayan wata biyu.

Wayar kuma, ki ɗauke ta daga kunnensa tun yau. A 2014 likitoci a Toronto sun auna na'urori 14 da ake sayarwa don sa jarirai barci. Da aka ƙure sautinsu a tazarar santimita 30, dukkansu sun wuce iyakar da aka sa wa ɗakunan jarirai na asibiti, uku ma sun wuce iyakar da aka sa wa manya a wurin aiki. In za ki kunna wani abu, ki ajiye shi can ƙarshen ɗaki, sauti ƙasa yadda za ki iya magana ba ki ɗaga murya ba, ki kashe in ya yi barci. Kada a taɓa sa masa abin ji na kunne. Ke ce za ki iya sawa. Ranar da kukan ya fara huda miki kai, ki sa a kunne ɗaya, ki kunna abin da yake sanyaya miki rai, karatu ne ko waƙar da kike so tun kina budurwa, kina riƙe da shi, idonki a kansa. Babu laifi a cikin wannan ko kaɗan. Sai dai in kin ji barci yana fizgarki, ki shimfiɗe shi tukuna, kada ku yi barci tare a kan kujera.

Saura ke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar tana fama da matsalar damuwa bayan haihuwa. In kin ga kin wuce mako biyu kullum cikin ƙunci, abinci ba ya shiga, barci ba ya zuwa ko yaron ya yi barci, ko tunanin cutar da kanki ko shi yana dawowa, waƙa ba ta isa ba. Ki faɗa wa nas ko likita a fili kamar yadda kika faɗa mini, ciwo ne mai magani. In tunanin ya matsa a cikin dare, ki tada maigida ko ki buga ƙofar maƙwabciya a take. Kuma in da hali, ki roƙi Inna ta turo miki ƙanwarki ta zauna da ke mako biyu ko uku, ko ke ki koma gida na 'yan kwanaki da yardar maigida.

Rigakafinsa na sati goma ya kusa. In kun je, ki sa a sake auna shi, ki kuma gaya wa nas yadda dararenki suke. Sannan ki rubuto mini ki faɗa mini nauyinsa, da waƙar da Hajiya ta koya miki. Ki shafa mini kansa.